Gangar jirgin yaƙin da ke Malta: ita ce N5520 ta asali, ko haɗe-haɗe ce?

Bahaushen_Malta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata huɗu ina aiki a Malta, kullum ina wuce ganuwar St Elmo da ke bakin birnin Valletta, amma ban taɓa shiga ba sai Lahadin da ta wuce. A ciki akwai gidan adana kayan tarihin yaƙi. Abin da ya tsayar da ni shi ne gangar wani tsohon jirgin sama, ga inji ga ƙafafu, amma babu fukafukai. Sunansa Gloster Sea Gladiator, lambarsa N5520, mutanen nan kuma Faith suke ce masa. Duk yaron da ya tashi a tsibirin ya san labarin: da Italiya ta fara yi musu ruwan bama-bamai a watan Yunin 1940, jirage uku kacal suka tashi suka tare ta, Faith da Hope da Charity. Wallahi da na tsaya gabansa sai da tsigar jikina ta tashi, don kujerar matuƙin ba ta fi ta ɗan acaɓa faɗi da yawa ba, kuma a cikinta mutum ya hau sama ya fuskanci wuta.

Da na koma masauki sai tambaya ta hana ni barci. Ta yaya aka san wannan gangar ita ce ainihin N5520? Kuma in mutum yana so ya bi sawun jirgi guda tun daga masana'anta har ƙarshensa, inda ya zauna, wa ya tuƙa shi, me ya same shi, ta ina zai fara? Masu sani a taimaka.

Kanikan_Panteka:
Wa alaikumus salam. Ni ban san jirgi ba, mota na sani, shekara 27 ina cikinta. A wurinmu lambar da ke manne a gaba da baya ba ita ce mota ba, kowa zai iya kwance ta da sukundireba. Fenti ma ba shi ne mota ba. In ana rikici a kan mota, lambar shasi ake dubawa, wadda aka buga a jikin ƙarfen tun daga kamfani, sai ta inji. Ka koma ka tambaye su ko sun buɗe cikin gangar sun ga lambar da aka buga a ƙarfe, ba wadda aka rubuta da fenti ba.

Malam_Mai_Alli:
Kafin a shiga bin sawu, bari a san wane irin jirgi ake magana. Gladiator shi ne jirgin yaƙi na ƙarshe mai fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sojan saman Ingila suka karɓa, kuma shi ne na farkonsu da matuƙi ke zaune a rufe ba iska na dukansa ba. Henry Folland ne ya zana shi. Samfurin gwaji ya fara tashi ranar 12 ga Satumba 1934, runduna ta 72 ta fara karɓarsa a Tangmere a Fabrairun 1937. Gaba ɗaya 747 aka ƙera. Ƙashinsa ƙarfe ne, amma yawancin jikinsa yadi ne aka ɗame aka shafe da wani ruwa mai sa shi tauri kamar fatar ganga. Injinsa Bristol Mercury, bindigogi huɗu, biyu a gefen ganga masu harbi ta tsakanin farfela, biyu a ƙarƙashin fiffiken ƙasa. Gudunsa bai wuce kilomita 410 a awa da wani abin kirki ba.

An haife shi a makare. A shekarar da ya shiga aiki, Hurricane, jirgin yaƙi mai fiffike hawa ɗaya da ya fi shi gudu, ma ta shiga kafin shekarar ta ƙare. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke aka riƙa tura shi gefe-gefe: Nowe, Malta, Masar, Sudan, Girka, Iraƙi. Wanda ka gani na sojan ruwa ne, an ƙara masa ƙugiya a ƙarƙashi don ya kama waya in ya sauka a kan jirgin ruwa, da wurin ajiye kwalekwalen roba a cikinsa tsakanin ƙafafu.

Bazazzagiya_a_Landan:
Yayana Bahaushen_Malta, wannan kuwa na ɗan taɓa shi lokacin da nake karatu. Takardu huɗu ake bi, kuma kowace tana da inda take yin shiru.

Ta farko kati ne da ake kira Fom 78. Kowane jirgi yana da nasa. A kai akwai lambar jirgin, kamfanin da ya ƙera shi, kwangilar da aka yi shi a ƙarƙashinta, sai jerin ranaku: ran kaza ya shiga ma'ajiya, ran kaza aka ba runduna kaza, ran kaza aka kai shi gyara, ran kaza aka soke sunansa daga lissafi. Katunan suna gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a arewacin Landan. A can ne kuma ake ajiye ta biyu, katunan haɗari, Fom 1180, masu faɗin ranar da jirgi ya yi karo, sunan matuƙi, da dalili a taƙaice.

In kati ya faɗa maka rundunar, sai ka tafi ta uku, littafin ayyukan wannan runduna. Fom 540 shi ne labarin wata-wata, Fom 541 kuma shi ne mai daɗin: kowane tashi, lambar jirgi, sunan matuƙi, ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya sauka. Waɗannan suna ma'ajiyar takardun ƙasa a Kew da ke Landan, a jerin da ake kira AIR 27, kuma an ɗauki hotonsu ana iya sauke su ta intanet daga inda kake. Abin da zai ba ka wahala shi ne kowace runduna da irin akawunta. Wani ya rubuta cikakkiyar lamba, wani harafi ɗaya kawai zai sa. Na shekarun zaman lafiya kafin 1939 kuwa, sai ka ga wata guda cur a layi uku.

Ta huɗu ita ce littafin tashi na shi matuƙin kansa, wanda yake rubutawa da hannunsa. Zan dawo kanta.

Umman_Sadiq:
Ni dai ina karantawa ina ƙaruwa. Amma yadi? Jirgin yaƙi da yadi? In harsashi ya same shi fa?

Malam_Mai_Alli:
Hajiya, harsashi yakan huda yadin ya fita ta ɗaya gefen, in dai bai taɓa ƙashi ko waya ko tanki ko mutum ba. A ƙasa sai a ɗinke a manna faci, kafin la'asar ya sake tashi. Wuta ce abokiyar gabarsa ta gaske.

Dan_Fagge:
Ai irin waɗannan jiragen sun sauka a Kano. Kakana ya sha ba mu labari, ya ce da idonsa ya ga jirgi mai fiffike sama da ƙasa a filin sukuwa, mutane suka watse da gudu. Kuma lokacin yaƙin Hitila ta Kano ake bi da su zuwa Masar. Wa ya sani ko wannan na Malta ma ya sha man Kano.

Dan_Zongon_Takoradi:
Ɗan'uwa Dan_Fagge, labari biyu ka haɗa. Wanda kakanka ya gani, in a filin sukuwa ne, zai dace da zuwan farko a Nuwamban 1925, jirage uku samfurin DH.9A da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham. Su ma hawa biyu ne, amma masu ɗaukar bam ne masu kujera biyu, kuma Gladiator ko a takarda ba a zana shi ba a lokacin. Na biyun shi ne hanyar da ta fara daga garinmu a Satumban 1940. Jirage na zuwa a akwatuna ta teku, a haɗa su a Takoradi, su tashi Legas, Kano, Maiduguri, su ƙetara Chadi zuwa Janaina da Fashir da Khartum, sannan su bi Nilu zuwa Masar. Ayarin farko Hurricane ne da Blenheim, jirgin bam mai inji biyu, tana yi musu jagora. Na Malta ba su bi nan ba, jirgin ruwa ne ya sauke su a tsibirin tun kafin a buɗe wannan hanya.

Dan_Fagge:
Na karɓi gyara. Allah ya jiƙan tsoho, abin da ya gani ya gani, ni ne na cakuɗa.

Yar_Jos:
Ina so in ɗan yi magana a kan sunayen, don na ga a wani wuri an fassara Charity da sadaka. Sunayen uku daga aya ɗaya suka fito a Littafi Mai Tsarki, 1 Korintiyawa 13:13, kuma da Hausa bangaskiya da bege da ƙauna muke karantawa. Ga mutanen Malta abin yana da nauyi na musamman, domin wanda ya rubuta wasiƙar, Manzo Bulus, a tsibirinsu jirgin ruwansa ya fashe, kamar yadda ya zo a Ayyukan Manzanni sura 28. Saboda haka duk wanda ya laƙaba wa jiragen sunayen nan ya san zuciyar mutanen da yake magana da su.

Bahaushen_Malta:
Gaskiya ne Anti. Akwai gari guda a arewacin tsibirin mai sunan Bulus ɗin. Kuma abin mamaki, harshensu daga Larabci ya samo asali, Kiristoci ne amma Alla suke cewa, ƙirgarsu ma in ka saurara za ka gane.

Malam_Mai_Alli:
To ga inda maganar take da ƙaiƙayi. Jiragen ba uku ba ne. Akwatunan Sea Gladiator ne jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, Glorious, ya bari a Kalafrana da ke gaɓar Malta. Shugaban sojan sama na tsibirin, Forster Maynard, da ya ga ba shi da jirgin kariya ko ɗaya, sai ya nemi aron su daga sojan ruwa, aka fara haɗawa a Afrilun 1940, aka kafa ƙaramin ayari a filin Hal Far. Lambobin da ke fitowa a tarihin ayarin sun haɗa da N5519, N5520, N5522, N5524, N5529 da N5531. Ana haɗa wani in wani ya lalace, ana yanka wani don a ciyar da sauran. Da wuya mutumin da ke ƙasa ya ga fiye da uku a sama lokaci guda, daga nan labarin ukun ya samu gindin zama. Sunayen kuma daga baya suka manne wa lambobi: Faith ga N5520, Hope ga N5531, Charity ga N5519.

Matuƙan ma ba matuƙan jiragen farauta ba ne, 'yan sa-kai ne. George Burges jirgin da ke sauka a kan ruwa ya saba tuƙawa, kuma hadimin Maynard ne a ofis. Shi ya kakkaɓo jirgin Italiya na farko ranar 22 ga Yuni 1940, wani SM.79 mai inji uku da ya zo leƙen asiri. An harbo N5519 ranar 31 ga Yuli, matuƙinsa Peter Hartley ya diro da laima ya ƙone sosai amma ya rayu. N5531 kuwa bam ne ya same shi a ƙasa a Fabrairun 1941. Sannan ba su daɗe su kaɗai ba. Tun ƙarshen Yuni Hurricane ta fara isowa, ranar 2 ga Agusta wasu 12 suka taso daga kan jirgin ruwa Argus, aka haɗe kowa a runduna ta 261.

Tsohon_Soja64:
Malam, da girmamawa, ban ji daɗin yadda ake neman rage wa labarin nan daraja ba. Na yi shekara 31 a kaki. Ko shida ne ko bakwai, mutum ya tashi da jirgin yadi ya tari ayarin da ya ninka shi, daga Sisili da ba ta wuce kilomita 100 ba, jirgin bam ɗin ma ya kusa fin nasa gudu. Wanda yake ɓoye a rami da 'ya'yansa ya leƙo ya ga uku a sama, uku ya gani. Ba ƙarya ya yi ba. Ku masu takarda kullum sai kun zo bayan an gama kun ce ba haka aka yi ba.

Malam_Mai_Alli:
Ranka ya daɗe, ban rage musu komai ba. Ni a ganina sanin gaskiyar ƙara musu take yi. Labarin uku ya bar makanikai a waje, su da suka kwana suna cire fiffiken wannan suna ɗaura wa wancan, har da injin Blenheim da farfelarta suka dasa wa Gladiator don ya riƙa hawa sama da sauri. Ya kuma bar matuƙin da ya tashi a N5524 ba tare da suna mai daɗi ba. In ba a bi lamba ba, waɗannan mutanen sun ɓata.

Tsohon_Soja64:
Maganar makanikai na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Sauran mu bar shi a haka.

Dan_Gadarif:
Salamu alaikum daga Sudan. Ana ta Malta, alhali jirgin nan ya yi yaƙi a ƙofar gidanmu. Gallabat tana kan iyaka da Habasha, rafi ne kawai tsakaninta da Matamma, kuma tsohon mazaunin Takarir ne, mutanen yamma da hanyar hajji ta zaunar. Ranar 6 ga Nuwamba 1940 William Slim, wanda daga baya ya jagoranci yaƙin Bama, ya kai hari don ƙwato ganuwar daga Italiyawa. Gladiator na Ingila da na rundunar Afirka ta Kudu ta 1 su ne rufin sojojinsa. Jiragen Fiat CR.42 suka same su 'yan kaɗan-kaɗan suka yi musu mummunar ɓarna a yini ɗaya, har kwamandan 'yan Afirka ta Kudun, Manjo van Schalkwyk, ya rasu sakamakon ƙuna. Da rufi ya yaye, jiragen bam suka sauko wa sojan ƙasa, harin ya tsaya.

Abin da nake so in ce, jiragen da suka faɗi a nan ma suna da lambobi. Ba wanda ya sa musu suna, ba gidan tarihin da ya ɗauki gangarsu. Ni da zan bi sawun jirgi, ɗaya daga cikin waɗannan zan bi.

Dan_Barebari:
Kakana yana cikin sojan Najeriya da suka bi ta Mogadishu zuwa Harar a 1941. Bai taɓa ambaton sunan jirgi ba, cewa kawai yake in sun ji ƙara sai su duba ko zobe ne a fiffike, wato tambarin jiragen Ingila, ko ba zobe ba. Dan_Gadarif, yaƙin jirage a wannan fagen ya kai har ƙarshe?

Dan_Gadarif:
Ya kai. Ranar 24 ga Oktoba 1941 wani Gladiator na Afirka ta Kudu ya harbo CR.42 kusa da Gondar, wata guda kafin garin ya faɗi. Sunan matuƙin Laftanar Hope. Suna ne na mutum, ba shi da alaƙa da Hope na Malta.

Mai_Hada_Jirage:
Ni sana'ata ɗinki, amma abin sha'awata haɗa ƙananan jiragen roba, kuma a nan na koyi kada in yarda da fenti. Akwai Gladiator da har yanzu yake tashi a Old Warden a Ingila, na gidan Shuttleworth. Lambarsa ta gaskiya L8032. Kamfanin Gloster ya sake sayensa bayan yaƙi, ya miƙa shi ga gidan a 1960. Tun daga nan ya sa riguna iri-iri: an taɓa rubuta masa N2308, an taɓa yi masa fentin sojan Nowe, an kuma mai da shi K7985 na runduna ta 73. Wanda ya ɗauki hotonsa ya tafi neman tarihin lambar da ya gani a jikinsa, tarihin wani jirgi daban zai kwaso.

Tarko na biyu, harafin N sau biyu Ingila ta yi amfani da shi. An ba jiragen sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sake zagayowa kansa dab da na biyu. N5912 da ke gidan tarihi jirgin Sopwith ne mai fiffike hawa uku na zamanin yaƙin farko, N5903 da ke Duxford kuma Gladiator ne. Lamba kusa da lamba, tsakaninsu shekara fiye da 20. Na uku, manyan haruffan da ake rubutawa a gefen ganga na runduna ne ba na jirgi ba. An canza su gaba ɗaya da yaƙi ya fara a Satumban 1939, kuma in jirgi mai harafin B ya faɗi, wanda ya maye gurbinsa shi ma B zai zama.

Kanikan_Panteka:
Kun ji ko. Abin da na faɗa tun farko. To Malam ya ce ana yanka wani a ciyar da wani. In haka ne ina da tabbacin wannan gangar ba za ta rasa kayan 'yan'uwanta a jiki ba. Motar haya da ta yi shekara biyu a hanyar Birnin Gwari ma ba ta dawowa da duk abin da ta fito da shi, balle jirgin da ake harbi.

Bazazzagiya_a_Landan:
Baba, hasashenka ya yi daidai. Binciken da aka yi wa gangar ya nuna akwai sassan aƙalla wani Gladiator guda a jikinta. Abin da ke rubuce ba gardama shi ne ranar 3 ga Satumba 1943 Keith Park, shugaban sojan sama na tsibirin a lokacin, ya miƙa ta kyauta ga mutanen Malta a matsayin Faith, ta zauna shekaru a ɗakin makamai na fadar Valletta, sannan aka mai da ita St Elmo a shekarun 1970.

Yayana, ga wahalar da za ka haɗu da ita a kan wannan jirgi musamman. Na ɗaya, na sojan ruwa ne. A watan Mayun 1939 aka cire jiragen ruwa daga hannun ma'aikatar sama aka mai da su ga hukumar sojan ruwa, sannan a Malta sojan sama suka are shi. Jirgin aro yakan faɗa tsakanin akawu biyu, kowanne yana ganin na ɗayan ne. Na biyu, katunan da ake cikewa a Ingila sun fi sanin abin da ya faru a Ingila. Jirgi in ya yi nisa, labarinsa a kati yakan tsuke. Na uku, littafin tashi na matuƙa da na ce zan dawo kansa: waɗanda ba a zo an karɓa ba bayan yaƙi, an yi shela, sannan a 1960 aka lalata mafi yawansu, aka bar 'yan kaɗan na misali a Kew, a jerin AIR 4. Sauran suna hannun iyalai da gidajen tarihi. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, domin a littafin matuƙi ne kaɗai wani lokaci za ka ga lamba da rana a layi ɗaya.

Ka gwada gidan tarihin jiragen sojan ruwa da ke Yeovilton, da kuma jerin lambobin da ƙungiyar Air-Britain ta tattara. Su sun riga sun yi rabin aikin, amma ka ɗauke su a matsayin manuniya, ka koma tushe da kanka.

Almajirin_Zaure:
Ina bin zancen nan sai na ga ya yi kama da abin da malamanmu ke koya mana a ilimin riwaya, ba don in haɗa darajar abubuwan biyu ba, hanyar kawai nake nufi. Ba a tambayar ko labari ya yi daɗi, ana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, kuma mai riƙo ne ko mai mantuwa. Littattafai goma da suka kwafa daga littafi ɗaya shaida ɗaya ce ba goma ba. Akawun da ya rubuta a daren da abin ya faru ya fi tsohon matuƙin da ya tuna bayan shekara 40 kusa da lamarin, amma shi ma akawun yana iya juya 5529 ta koma 5520 in fitila ba ta da haske. Saboda haka a nemi hanya biyu da ba su san juna ba.

Bazazzagiya_a_Landan:
Haka yake Malam, kuma hanya ta biyu mafi kyau ita ce takardun abokin gaba. Misali mai tsabta shi ne CR.42 da ke hannun gidan tarihin sojan saman Ingila. Lambarsa ta Italiya MM5701. Ranar 11 ga Nuwamba 1940 ya yi saukar dole a bakin teku a Orford Ness, aka kama matuƙinsa Pietro Salvadori, Ingila ta gyara jirgin ta ba shi lambarta BT474 ta gwada shi. Takardar Italiya ta ce bai dawo ba, ta Ingila ta ce ga shi a hannu, hoto ya nuna shi hanci a ƙasa. Uku sun haɗu, ba sauran magana. N5520 bai samu irin wannan gatan ba.

Dan_Damagaram:
Fofo jama'a. Ku da kuke kuka da jirgin da ya canza hannu tsakanin sojan ruwa da na sama na ƙasa ɗaya, me za ku ce da na Latbiya da Lituwaniya? Latbiya ta sayi 26, Lituwaniya 14. A 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye su ta shafa jan tauraro. A 1941 Jamus ta ƙwace abin da ta tarar, ta sa wasu suna jan jirage marasa inji. Jirgi ɗaya, tuta uku, harshe uku na takarda. Kuma a Iraƙi a Mayun 1941, a rikicin Habbaniya, ɓangarorin biyu duka Gladiator suke da shi. Jininsa na farko ma ba a Turai ya zubar ba, a Sin ne a 1938, matuƙan Sin suna yaƙar Japan.

Umman_Sadiq:
To ni tambayata ga Baba Kanikan_Panteka. In an canza wa mota inji da ƙofofi da kujeru, kana ce mata motar da ce?

Kanikan_Panteka:
Hajiya, in shasi na nan, ita ce. Inji kaya ne, ana saukewa ana ɗorawa. Amma in an yanka shasi biyu an yi walda, to nan sai a faɗa wa mai saye gaskiya, a ce gaba na wannan ne, baya na wancan. Ba haramun ba ne a hau ta, ɓoyewar ce ba kyau.

Tsohon_Soja64:
In ma gaban na Faith ne bayan na wani ne, duk a Hal Far suka kwana, duk wuta ɗaya suka sha. Ni hakan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne barinsa ba fiffike. Ya kamata a ƙera masa a ɗaura, yara su ga yadda yake a lokacinsa.

Mai_Hada_Jirage:
A nan kam na saɓa da kai Baba. Duk sabon ƙarfen da aka ɗaura, an ƙara rufe shaida. A hannun gidan tarihin sojan saman Ingila akwai gaban wani Gladiator, N5628, na runduna ta 263. Su 18 suka sauka a kan daskararren tafkin Lesjaskog a Nowe ranar 24 ga Afrilu 1940, cikin kwana biyu Jamusawa suka ragargaza yawancinsu, da ƙanƙara ta narke suka nutse. Masu ninƙaya suka ciro wannan a 1968, aka ajiye shi yadda ya fito, ba a gyara ba. Wanda ke son ganin cikakken Gladiator ya je Old Warden ko Duxford. Wannan a bar shi da tabonsa.

Yar_Jos:
Ni ina tsakiya. A bar gangar yadda take, a rataye hoton cikakkensa babba a bayanta, a kuma rubuta duk lambobin shida ko fiye a bango da sunayen matuƙa da na makanikan da aka sani.

Bahaushen_Malta:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa, Allah ya saka da alheri. Na buɗe littafi na ja layi uku: rana, abin da aka ce ya faru, da wanda ya faɗa. Daren jiya na fara da littafin ayyukan runduna ta 261 kamar yadda ƙanwata Bazazzagiya ta nuna, ina tsince duk inda Gladiator ya fito. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga bas zuwa Ta' Qali, inda ɗaya gidan tarihin jiragen yake, wanda ke da Hurricane ɗin da aka ciro daga teku a 1995. Masu aikin gyara a can da hannunsu suke taɓa irin wannan ƙarfe, tambayar Baba Kanikan_Panteka zan kai musu: a wane sashe na gangar Gloster ke buga lamba, kuma wace lamba aka gani a ta St Elmo.

Dan_Gadarif, in ka samu lambar ko ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi a Gallabat, turo mini in buɗe mata shafi a littafin.

Dan_Gadarif:
Zan nema, in sha Allah. Na Afirka ta Kudun zan fara bi, tunda sunan kwamandansu da ranar suna hannu. Bazazzagiya, littafin rundunarsu yana Kew ne ko sai Pretoriya?